Yadda Ake Haƙa Rami da Mahujin Ƙasa Ba Tare da Ya Maƙale ko Ya Murɗe Maka Hannu Ba

Masu karatu sun yi ta tambaya a kan wannan aiki, kowa da buƙatarsa. Wani shinge zai kafa, wani itatuwa masu yawa zai dasa, wani kuma ya riga ya karɓo injin haya, ƙarfen ya nutse a ƙasa ya ƙi fitowa. Abin da duk suke son sani shi ne yadda ake sarrafa mahujin ƙasa, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake juyawa da hannu ko da inji, yana shiga ƙasa yana turo ta sama. Ga bayanin bi da bi. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko: mahuji shi ke jan kansa ƙasa, ba ya buƙatar ka danna shi. Aikinka ka riƙe shi a miƙe, ka riƙa zaro shi kana kakkaɓe ƙasar tun bai cika ba.

1. Ka san abin da ke hannunka

Ka kwantar da mahujin ka duba shi daga ƙasa zuwa sama. A can ƙarshe akwai ɗan tsini, shi ke fara shiga ya tsayar da ƙarfen a tsakiya don kada ya riƙa yawo. Sama da shi kaɗan akwai wuƙa ɗaya ko biyu, wasu kuma haƙora ne, su ke yankar ƙasa. Sai murɗin, faffaɗan ƙarfen da aka naɗe a jikin sandar yana hawa sama. Daga nan sai kai, ko dai mariƙi na hannu ko inji.

Murɗin ba ya yanka komai, aikinsa ɗauko abin da wuƙa ta yanka. Ƙasar da aka yanka tana gogar bangon ramin, wannan gugar ce ke hana ta juyawa tare da ƙarfen, sai gangaren murɗin ya shige ƙarƙashinta ya riƙa tura ta sama. Da zarar ƙasar ta yi yawa ta dunƙule tsakanin murɗin, sai ta daina hawa ta koma juyawa tare da shi. A lokacin mahujin ya daina haƙa, ya zama kamar sukurun da ake ɗaurewa a jikin katako: yana shiga, ba abin da ke fitowa. Kusan duk maƙalewar da ake kuka da ita daga nan take farawa.

Idan mai inji ne, akwai abu biyu tsakanin injin da ƙarfen. Na farko kuloci ne mai kama kansa: injin na iya aiki a hankali ƙarfen na tsaye, sai ka ja totur gudu ya ƙaru sannan ya kama. Na biyu akwatin giya ne, wanda ke rage gudu ya mayar da shi ƙarfi. Injin da ke juyi 8,000 a minti, in giyarsa 40 da 1 ce, ƙarfen juyi 200 kawai zai yi, amma ƙarfin murɗawar ya ninku kusan sau arba'in. Wannan ƙarfin ne ke dawowa hannunka duk lokacin da wuƙa ta ci karo da abin da ta kasa yankawa.

2. Zaɓi nau'i da faɗi

In ramukan ba su da yawa kuma ƙasar mai laushi ce, na hannu ya ishe ka. Ba ruwansa da mai, ba ƙara, kuma kana jin duk abin da bakinsa ya taɓa. Akwai irin da ake kira Edelman, mai baki kamar cokula biyu masu fuskantar juna, wanda masu binciken ƙasa ke amfani da shi wajen ɗauko samfuri, yana kama laka sosai. Mai inji na mutum ɗaya, wanda girman injinsa kan kama daga sisi (cc, ma'aunin girman inji) 40 zuwa 60 da 'yan kai, shi ya dace da shinge da dashe masu yawa. In faɗin ramin zai wuce santimita 20 zuwa 25, ko ƙasar na da tauri, ka nemi na mutum biyu ko wanda ake ɗaurawa a bayan tarakta. Akwai kuma masu batir, waɗanda babbar fa'idarsu ita ce yawancinsu suna iya juyawa da baya.

Mutane kan raina batun faɗi. In ka ninka faɗin rami sau biyu, ƙasar da za a fitar ta ninku sau huɗu. Rami mai faɗin santimita 20 da zurfin 60 yana fitar da ƙasa kusan lita 19, wato kilo 25 zuwa 30. Mai faɗin 30 da wannan zurfin ya haura lita 40. Saboda haka kada ka ɗauki babban ƙarfe don kawai ya fi burge ka. Ga sandar shinge da za a zuba wa kankare, ƙa'idar da aka saba bi ita ce faɗin ramin ya kai kusan ninki uku na kaurin sandar.

Gargaɗi: ƙasa mai yawan duwatsu ko marmara mai tauri ba wurin mahujin mutum ɗaya ba ne. A nan diga da dagi sun fi sauri, sun kuma fi aminci.

3. Tara kaya, ka yi lissafin kuɗi

Banda mahujin, ka tanadi dagi ko dogon ƙarfen ɓamɓare dutse, shebur, igiya da turaku, tef na awo, ma'aunin ruwa na magina, babbar sifanar masu gyaran famfo, ƙaramin zarto ko gatari don saiwa, da leda mai kauri ko buhu da za ka riƙa zuba ƙasa a kai. Don jikinka: takalmi mai tauri, tabarau, matoshin kunne da safar hannu wadda ta kama hannu ɗam. Ƙarar da ta kai desibel 85 tana cutar da kunne in an daɗe ana jin ta, ƙananan injinan fetur kuwa sun wuce haka nesa.

Game da kuɗi, aikin kwana ɗaya ko biyu haya ta fi saye. Saye sai ga wanda zai riƙa aikin a kai a kai. Amma ka sani kuɗin ba a kan injin ya tsaya ba. Ƙarafan huji daban ake sayar da su, kowane faɗi da nasa. Wuƙa da tsini suna cinyewa, musamman a yashi da tsakuwa. Ga fetur da man haɗi, ga giris na akwatin giya, ga fulogi. In haya za ka karɓa, ka sa a tayar da injin a gabanka, ka shafa bakin wuƙar ka ji ko da kaifi, ka tambayi wa zai biya in ƙarfen ya lanƙwashe. Wuƙar da ta dakushe ita ke sa mutum ya fara danna inji da ƙirjinsa.

4. Gano abin da ke binne kafin ka huda

Wannan matakin ba a tsallake shi. Mahuji ba ya bambanta saiwa da wayar lantarki. A ƙarƙashin fili ana iya samun bututun ruwa, bututun gas, wayar wuta, wayar sadarwa ko ramin shadda. Ka nemi taswirar ginin in akwai, ka tambayi mai wurin, ka bi layin da mita da famfo suka nufa da ido. A ƙasashe da dama akwai ofishin da ake kira kafin a yi haƙa. A Amurka, alal misali, lambar 811 ake bugawa a zo a yi alama. Duk inda kake zargin akwai wani abu, ka ajiye inji ka buɗe wurin da shebur a hankali.

Akwai kuma abin da ke binne mai rai, wanda ba a cika tunawa da shi ba. In aikin a fili ne da garma ba ta taɓa shiga ba, kamar tsohuwar makiyaya, bakin dausayi, gindin kurmi ko tudu mai farar ƙasa, to irin wuraren nan ne mazaunin furannin okid na daji masu tsirowa a ƙasa. Dangin okid sun kai nau'i 28,000 ko kusa da haka. A ƙasashe masu zafi da ruwa yawancinsu a jikin itatuwa suke maƙalewa, amma akwai masu yawa da ke rayuwa a ƙasa da 'yan dunƙulen saiwa kusa da sama, daidai inda wuƙar mahuji ke fara yanka. Irinsu ƙanana ne ƙwarai, ba su da guzurin abinci a cikinsu, ba sa tsirowa sai sun haɗu da wani irin naman gwari da ke zaune a cikin ƙasar wurin. Daga tsiro zuwa furen farko kan ɗauki shekaru. Shi ya sa tono su a kai gida galibi asara ce, shukar takan mutu saboda an raba ta da abin da ke ciyar da ita. Yawancin shekara ma ba za ka ga komai a sama ba, ganyen ya bushe, ran na ƙasa. In kana da hali ka zaga filin a lokacin da furanni ke buɗewa, ka kafa turke a duk inda ka gan su, ka gusar da layin shingenka taku ɗaya ko biyu. Kada kuma ka tara ƙasar da ka haƙo a kansu. Ƙasashe da yawa sun hana tono su, kuma dukkan dangin suna cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe.

5. Ja igiya, ka yi alama

Kafa turakun kusurwa, ka ja igiya ta yi tsam, ka auna tazarar ramuka ka yi wa kowanne alama. Sannan ka kwance igiyar ka naɗe ta gefe kafin ka tayar da inji, don mahuji na iya kama ta ya naɗe. A kowace alama ka cire ciyawa da saiwoyinta da shebur, ka ɗan fafe wurin zurfin yatsa biyu don tsinin ya sami mazauni. Ka ɗaura tef mai launi a jikin sandar mahujin daidai zurfin da kake so. Ga sandar shinge, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ya kamata ya shiga ƙasa, ka ƙara santimita 10 zuwa 15 don tsakuwar da za a shimfiɗa a gindi. A wuraren da ƙasa ke daskarewa da sanyi, ramin sai ya wuce iyakar inda ƙanƙara ke kaiwa, in ba haka ba za ta riƙa turo sandar sama.

6. Haɗa inji da mai

Injin a kashe, ka zura ƙarfen a bakin akwatin giya, ka sa fil ɗinsa ka kulle. In injin irin wanda ake haɗa wa fetur da mai ne, ka bi abin da ke rubuce a jikinsa ko a takardarsa. Haɗin 50 da 1 shi ne mililita 100 na mai a lita 5 na fetur. 40 da 1 mililita 125. 25 da 1 mililita 200. Ka haɗa a jarka daban ka girgiza, kada ka haɗa a cikin tankin. Fetur zalla yakan ƙone irin wannan injin cikin ɗan lokaci.

Gargaɗi: a wasu mahujan, musamman na tarakta, fil ɗin an yi shi ne da gangan don ya karye in nauyi ya yi yawa, ya ceci giyar da mai aikin. In ya karye ka maye gurbinsa da irinsa sak. Sa ƙarfe mai ƙwari a madadinsa shi ke sa a fasa akwatin giya.

Ka zuba mai nesa da wuta, ka goge wanda ya zube, ka matsa daga wurin kafin ka ja igiyar tayarwa. Kada ka tayar da injin fetur a rufaffen wuri, hayaƙinsa na da iskar da ke kisa ba tare da wari ba. Bayan ya tashi ka bar shi ya ɗan yi ɗumi. In ƙarfen na juyawa alhali ba ka taɓa totur ba, ka kashe, a gyara saitin tukuna.

7. Tsayuwa da fara huji

Ka tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, hannaye biyu a kan mariƙi da babban yatsa a zagaye. Ƙarfen yana juyawa ne ta ɓangaren da ake ɗaure noti. In ya ci karo ya tsaya cak, kan injin ne zai juya ta ɗaya ɓangaren, mariƙin hagu ya taso maka. Don haka ka matso da mariƙin hagun kusa da cinyarka ta hagu tun farko, yadda in ya fizga zai tarar da jikinka a kusa kafin ya yi gudu. Wasu injinan, irin na kamfanin Stihl, suna da soso kamar matashin kai a wannan gefen, da kuma birkin da ke tsayar da ƙarfen in ya bugi cinya.

Ɗora tsinin a kan alama, ka daidaita sandar a tsaye, ka ja totur a hankali har wuƙa ta fara ci. Santimita goma na farko su ke yanke hukuncin ramin gaba ɗaya: in ya karkace a nan, a karkace zai tafi. Mai riƙe da inji ba ya ganin karkatarsa sosai, saboda haka ka sa wani ya tsaya can nesa kaɗan yana duba ka ta gaba da ta gefe.

Gargaɗi: ba sutura mai yalwa, ba gyale, ba igiyar wando a waje, ba dogon gashi a sake. Yara da 'yan kallo su yi nesa. In na tarakta ne abin ya fi tsanani, domin sandar da ke kawo ƙarfi daga taraktar tana juyi 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa ɗaya. Ba wanda ke da saurin da zai zare hannun riga daga wannan. Kada kowa ya tsaya kusa da ƙarfen, balle ya danna shi da hannu ko ƙafa don ya taimaka masa ya shiga.

8. Huda kaɗan, ɗaga, kakkaɓe

Nan ne zuciyar aikin. Ka bar mahujin ya shiga santimita 15 zuwa 20, sai ka ɗago shi kaɗan yana kan juyawa don ƙasar da ke kan murɗin ta watsu a bakin rami. Ka sake sauke shi. Bayan sau biyu ko uku, ka saki totur, ka jira ya tsaya, ka zaro shi gaba ɗaya da ƙarfin gwiwoyinka, ka kakkaɓe a kan ledar da ka shimfiɗa. Ka janye ƙasar bakin ramin da shebur don kada ta koma ciki.

Kunnenka da idonka za su gaya maka lokacin ɗagawa. Muddin ƙasa na fitowa a warwatse tana zubowa gefe, kuma muryar injin na nan daidai, aiki na tafiya. In ka ga ƙarfen na nutsewa da sauri amma ƙasar da ke fitowa ta ragu, muryar injin ta yi ƙasa, mariƙin ya fara yi maka nauyi, to ya fara ɗaure kansa. Ka saki totur nan take ka ɗago. In kuma injin na kuka amma ƙarfen ya tsaya, har ka fara jin ƙauri, kuloci ne ke zamewa yana ƙonewa.

Kowace ƙasa da halinta. Jiƙaƙƙiyar laka tana manne wa murɗi, sai ka rage zurfin kowace shiga zuwa rabi, ka riƙa kankare ta da itace, injin a kashe. Busasshiyar laka mai tauri kuwa ka fafe ta kaɗan, ka zuba ruwa ka bar shi ya tsuma, in da hali ya kwana. Ba dama-dama ake so ba, danshi kawai. Busasshen yashi yana zubewa daga murɗin ya koma ciki, shi ma ɗan jiƙa shi yana sa ya kama jikinsa. Na hannu ma haka tsarin yake: juyi biyu ko uku, zaro, zubar. Kada ka juya shi da baya alhali yana ɗauke da ƙasa, zai zubar maka da ita a gindin ramin.

In zurfin ya fi tsawon ƙarfen, sai ka gama haƙa iyakar tsawonsa, ka share ramin, sannan ka ƙara sandar tsawo. Fara aiki da sandar tsawo a ɗaure yana kai mariƙin har ƙirji ko wuya, inda ba ka da ikon riƙe shi.

9. In ka haɗu da dutse ko saiwa

Dutse yana sa ƙarfen tsalle da ƙara. Saiwa ba ta ba da sanarwa, kama wuƙa kawai take yi ta fizge ka. Ko wanne ne, saki totur, kashe inji, zaro, ka leƙa. Ƙaramin dutse ka girgiza shi da dagi ka cire. Saiwa ka yanke ta da zarto ko gatari. In babba ce ta itacen da kake son ya rayu, ko dutsen ya ƙi motsi, gusar da ramin ya fi sauƙi. Kada ka zura hannu a rami injin na kunne.

10. In ya maƙale

Kada ka yi ta jan totur, kada kuma ka riƙa jijjiga injin gefe da gefe, sandar za ta lanƙwashe. Yawancin masu fetur na hannu ba su da giyar baya. Kashe injin, cire fil, ɗauke kan injin ka ajiye gefe. Ka kama sandar da babbar sifana, ka juya ta ɓangaren da ake kwance noti. In ta ƙi, ka zura bututun ƙarfe a hannun sifanar don ya ƙara tsawo. Juyi kaɗan kawai yake buƙata ya saki. In har yanzu ya ƙi, ka tone ƙasar da ke kewaye da shi da shebur ka zuba ruwa. Janye shi da mota ko da sarƙa ta gefe yakan lalata ƙarfen.

11. Gama ramin

Mahuji kan bar sakakkiyar ƙasa a gindi. In sandar shinge ce za ta shiga, ka kwashe ta ko ka daddanne ta da ƙarfe, ka zuba tsakuwa, ka tsayar da sandar da ma'aunin ruwa ta fuska biyu, sannan ka cika da kankare ko da ƙasa kaɗan-kaɗan kana dannawa. Sandar da aka kafa a kan sakakkiyar ƙasa takan nutse bayan ruwan farko.

In dashe ne, akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. A ƙasa mai laka, juyin ƙarfen yana goge bangon ramin ya yi sumul har yana sheƙi. Saiwar ƙaramar shuka takan kasa huda shi, sai ta riƙa zagaye a ciki, ruwa kuma ya kwanta a gindi. Ka sa dagi ka kakkarce bangon duka kafin ka dasa. Ramin itace faɗi yake so fiye da zurfi: ninki biyu zuwa uku na faɗin ƙasar da ke riƙe da saiwar, zurfin kuwa kada ya wuce tsayinta, yadda wuyan shukar zai zauna daidai da saman ƙasa. Ka ware ƙasar sama mai duhu daban tun wajen haƙa, ita za ka fara mayarwa kusa da saiwa. Ramin da ba za a cike a ranar ba, ka rufe shi da katako mai nauyi, domin faɗinsa daidai ƙafar yaro ko ta dabba yake.

12. Kafin ka ajiye

Ka bar injin ya huce, ka wanke laka daga murɗin, ka busar, ka shafa ɗan mai a wuƙa da tsini. Duba notocin wuƙar, suna yawan sassautawa saboda girgiza. Wasu wuƙaƙen ana juya su a yi amfani da ɗaya bakin, wasu sai an wasa ko an canza. Kakkaɓe matatar iska, tunda aikin a cikin ƙura ake yinsa, ka ƙara giris a akwatin giya yadda takardar injin ta nuna. In zai yi sama da wata guda ba a taɓa shi ba, ka juye man da ke tanki, ka tayar da shi ya yi aiki har ya mutu da kansa, don tsohon fetur kan bar danƙo ya toshe kafireta.